Tarakta a Kan Tudu

A wani ƙauye, can da daɗewa, an yi wani manomi mai gaggawa, ko tuwo a tsaye yake ci. Ya gaji tsohuwar tarakta ya gyara, amma in ya murɗa makulli sai kik, abin tayar da inji, ya yi ƙyas, ya yi shiru.

Matarsa ta ce, "Maigida, ka leƙa kik ɗin nan mana."

Ya ce, "Ina na ga lokaci?"

Sai ya riƙa ajiye taraktar a kan tudu, da safe ya gangaro da ita, ta tashi. Kullum matar ta yi magana, kullum ina ya ga lokaci.

Ran nan yana huɗa a fadama, hadari ya taso, tarakta ta mutu. Ba tudu, ba mai turawa. Ya kewaya, ya sake kewayawa, dole ya kwanta cikin taɓo ya leƙa. Ashe waya ɗaya ce ta kwance! Ya ɗaure ta, inji ya tashi, amma ruwa ya riga ya kece, tayoyi sun nutse.

Matar ta iso a jiƙe, ta ce, "Sannu, Maigida. Yau lokaci ya samu?"