Takobin da Aka Shafa wa Mai

"Daga tsani ya faɗo, na gaya miki."

"Baba bai hau tsani ba tun da gwiwarsa ta lalace, Kawu Benno."

"Ke kika sani? Ke da ko Kirsimeti ba kya zuwa?"

A haka Sufeto Hartung ya same su. Wurin tsohon rumbun hatsi ne a bayan coci, inda Ottmar Reindl ke koyar da faɗan takobi irin na kakanni. Ottmar yana kwance a daɓen katako, an rufe shi da bargo, tsani a yashe gefensa. Matar da ke gardamar 'yarsa ce, Gudrun, da safen nan ta iso daga Hamburg. Tsohon kuma Benno Falk ne, abokin karawarsa tun suna samari.

Likitan 'yan sanda ya ɗaga bargon. Rami ne ƙarami mai zurfi a bayan kunne.

"Daɓe ba ya huda kai haka, Sufeto. Tun jiya ya mutu."

Hartung ya dubi bango. Takubba a jere, duk sun yi ƙura, don ɗalibai sun daɗe da watsewa. Ɗaya ne kawai yake sheƙi. Ya sunsuna shi. Sabon mai.

Ya ja Gudrun gefe.

"Me ya kawo ki?"

"Gaisuwa."

"Da motar kaya? Na ga kwalaye a ɗaure a ɗakinsa."

Ta sunkuyar da kai. "Zuwa na yi in tafi da shi Hamburg. Ya ce kar Kawu Benno ya ji sai daga bakinsa. Jiya Alhamis, ranar karawarsu. Su biyu suka rage."

Benno yana zaune a benci, hannuwansa cikin safar fata, ga zafin bazara.

"Jiya ka zo?"

"Ban zo ba. Ciwon gaɓoɓi."

"Shi ya sa safar?"

"Shi ya sa. In ka tsufa za ka gani, yaro."

Hartung ya koma wurin takubban. Ya sauko da ɗaya daga cikin masu ƙurar, ya riƙe shi ta ruwansa da tafin hannu. Bakin ƙarfen duk tsage-tsage ne saboda karo da 'yan uwansa, har ya karce masa yatsa.

Benno ya miƙe bai sani ba. Ya karɓe takobin, ya jawo tsumman mai daga ƙusa, ya soma gogewa.

"Ba a taɓa ruwan takobi da hannu. Gumi tsatsa yake kawowa."

"Ko yaushe?"

"Sai in abokin gaba na sanye da kwalkwali. Kaifi ba ya cin sa. Sai ka juya takobin, ka kama ruwan da hannu biyu, ka maka masa ƙarfen da ya gicciye a mariƙin kamar guduma." Tsumman ya tsaya.

"Wancan mai sheƙin, wa ya kama ruwansa jiya har ya bukaci mai?"

Benno ya ajiye tsumman a benci.

"Cire safar, Baba," in ji Hartung.

Ya cire a hankali. Layin yanka ɗanye ya ratsa kowane tafi.

"Na kwantar da tsani gefensa, na share jini," in ji Benno. "Na kai ƙofa sai na dawo. Na kasa barin sa ya yi tsatsa. Takobinsa ne."

"Me ya yi maka?"

"Ya ce zai rufe zauren. Na ce to mu kara ta ƙarshe. Ya yi dariya, ya ce, 'Benno, mun tsufa, je ka samu kare.' Ya juya mini baya yana neman makulli. Matata ta mutu, Sufeto. Mako guda nake yi ban buɗe baki ba sai Alhamis."

Gudrun ta zauna a ƙasa kusa da bargon. Ba ta yi kuka ba.

Hartung ya san irin wannan makon. Shi ma rediyo kaɗai ke jiran sa a gida. Ya ɗauko ankwa, ya dubi tafukan nan, ya mayar da ita aljihu. Kofur ɗin da ya zo tare da shi ya kama gwiwar hannun tsohon, suka nufi mota.

A bakin ƙofa Benno ya waiwaya, ya dubi jerin takubban.

"Alhamis mai zuwa, wa zai buɗe zauren?"