Ambulan Na Arba'in da Ɗaya

Ranar da suka fara haɗuwa, faɗa ta yi masa.

Auta mai gashin ƙashi ce a babban asibiti, kuma ita ke auna hannun marasa lafiya a binciken da sashen ƙashi yake yi. Tambayar binciken guda ɗaya ce: dattijon da ya karye a wuyan hannu, me ya fi masa, a ɗaure shi da filasta ko a yi tiyata a sa ƙarfe? Likitocin ma ba su sani ba. Duk wanda ya yarda ya shiga, sai a buɗe masa ambulan da aka liƙe tun farko, abin da aka tarar a ciki shi za a yi masa. Ita kuma Auta, doka ce kada ta san wanda aka yi wa me, don kada zuciyarta ta karkata wajen awo. Shi ya sa ake naɗe hannun da bandeji kafin a turo mata mutum.

To, ranar nan sai ga wata tsohuwa da bandeji ya zame, tabon ɗinki a waje ɓaro-ɓaro. Auta ta tambaya wa ya yi wannan aika-aika, aka ce sabon likita ne, wanda ake kira Dogo. Ta same shi a ofis ya duƙufa kan takardu.

"Likita, ƙashi kana iya ɗorawa, amma bandeji ya gagare ka? Ka ɓata min awo."

Ya miƙe zai ba da haƙuri, kansa ya kusa taɓa fanka. Ya buɗe baki, ya dube ta, maganar ta gudu. Washegari duk wanda aka turo mata, hannunsa a naɗe yake kamar matashin kai. Ta yi ta dariya ita kaɗai, har ta rasa inda ta ajiye biro.

Ba a yi sati biyu ba saƙo ya shigo wayarta.

"Malama mai awo, yau na naɗe shida. In akwai kuskure a faɗa min a hankali, ni ma ina da zuciya."

Ta bar shi ya jira har bayan an tashi aiki, sannan ta rubuta: "Naɗin ya yi. Surutun ne ya yi yawa. Ka ci abinci kuwa?"

Daga wannan tambaya komai ya kankama. Ya koma kiranta Haskena, ita kuma ta ƙi sakin Dogo, sai dai ta ƙara masa "na" a ƙarshe. Bayan wata takwas ya je gidan su Auta gaisuwa. Mama ta karɓe shi hannu bibbiyu. Baba kuwa, kafinta ne da ba ya yabon katako sai ya ƙwanƙwasa shi, ya ce yaron da alamar natsuwa, amma a bar shi ya ƙara dubawa.

Ana cikin wannan dubawar Baba ya zamo daga tsani, ya dafa ƙasa da hannun dama, wuyan hannun ya karye. Da safe aka kawo shi asibiti, Auta na can ɗakin mata tana aiki, kuma Dogo ne a bakin aiki.

Nan fa ya tafka kuskuren. Kamata ya yi ya kira wani likita ya yi wa Baba bayanin binciken. Amma ina, yana son ya yi wa surukin gobe hidima da hannunsa. Da suka zauna su biyu sai kunya ta rufe shi. Mutumin da kan yi wa baƙo bayani na rabin awa har da zane a takarda, ranar nan kansa a ƙasa, murya ciki-ciki, ya gama cikin minti uku. Baba bai ji rabi ba, shi ma kuma nauyin yaron ya hana shi tambaya. Ya ɗauka takardar asibiti ce irin ta kullum, ya dangwala yatsa. Aka buɗe ambulan na arba'in da ɗaya, filasta ya fito.

Sati uku bayan haka, Baba na zaune a bencin jira, sai wani direba da ya yi irin karayarsa ya zauna kusa da shi yana motsa yatsu yana fahariya. Ya ce shi ambulan ɗinsa tiyata ya fito, har ya fara riƙe kofi da kansa. Ya tambayi Baba nasa me ya fito. Baba ya ce wane ambulan?

Da yamma gidan ya ɗauki zafi. Baba bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi tsorata Auta.

"Da hannun nan na ciyar da ku shekara arba'in. Mutumin da ya bar hannuna ga ƙuri'a, ba zan ba shi 'yata ba. Kada ya ƙara taka min ƙofa."

Har ya tuno da ɗan abokinsa mai kantin magani da ya daɗe yana aiko gaisuwa. Mama ta yi ta ba da baki, a banza. Auta ta shige ɗaki ta sha kukanta. Ita ta san ambulan ba wasa da rai ba ne, aikinta ne. Abu ɗaya ta tambayi Dogo a waya: ya yi wa Baba bayani yadda yake yi wa kowa? Ya fara kame-kame, ta kashe wayar.

Can sai ga saƙonsa.

"Haskena, laifina ne. Kunya ta sa na gajarta, kuma yardar da mutum bai gane ba ba yarda ba ce. Gobe zan kai kaina wurin Babbar Likita."

"Za ta iya cire ka daga binciken, Dogona. Kusan shekara guda kana wahala a kansa."

"Na sani. Gara a cire ni da in riƙa gaida Baba da wannan a wuyana."

Babbar Likita, shugabar binciken, mace ce da ba a kawo mata wargi. Ta wanke shi tas, ta dakatar da shi daga ɗaukar marasa lafiya na wata uku, ta sa aka rubuta abin da ya faru. Sannan ta aika a roƙi Baba ya zo.

Da ƙyar Mama ta lallaɓo shi. Ya zauna a ofishin, fuska a murtuke, Auta a gefensa, Dogo a tsaye jikin bango kamar ɗalibin da ya makara. Babbar Likita ta ba shi haƙuri, ta ce yana da ikon janye sunansa yau ɗin nan, kuma ba abin da zai ragu a kulawar da ake ba shi. Baba ya tambaya wa ya kawo ƙara, don shi dai bai kawo ba. Ta ce yaron ne ya kawo ƙarar kansa. Ya ce, da ya yi shiru fa, wa zai sani? Ta ce babu kowa.

Da ta ɗauko takarda za ta sake bayani, sai Baba ya dakatar da ita.

"Bari dogon nan ya yi. Zauna nan. Ka dube ni cikin ido, ba takalmina ba."

Dogo ya zauna, gumi na tsattsafo masa, ya fara daga farko. Tiyata kan sa a yi saurin motsa hannu, amma akwai yanka, akwai haɗarin ƙwayar cuta, wani lokaci a sake komawa cire ƙarfen. Filasta na da jinkiri, amma ba wuƙa. Bayan shekara guda wanne ya fi, ba wanda ya sani. Baba ya yi ta jefo tambaya yana amsawa.

"Wato kamar gam da ƙusa, ba ku san wanda ya fi riƙewa ba sai an gwada?"

"Haka ne, Baba."

"Da ka leƙa ambulan ɗin, da ka zaɓa min mai kyau?"

"Da na san mai kyau, Baba, da ba a yi binciken ba. Kuma da na leƙa don kai, na cuci duk wanda zai karye bayanka."

Baba ya gyaɗa kai. Ya jawo takardar, ya sa aka karanta masa layi-layi, ya sake dangwala yatsa, ya ce a bar sunansa a ciki. Auta ta sauke ajiyar zuciya, ta ɗauka an gama. Ashe da saura.

"Tunda yau bakinka ya buɗe," in ji Baba, "akwai wata maganar da ka daɗe kana yi wa ƙasa. Faɗe ta ina kallonka."

Auta ta rufe fuska da mayafi. Babbar Likita ta shiga gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Dogo ya dubi Baba cikin ido.

"Baba, ina son Auta. Ina roƙon ka ba ni aurenta."

"Yanzu na ji. Na ba ka. Ka turo manyanka."

Aka cire filasta a kan lokaci, wata abokiyar aikin Auta ta yi awon, hannun ya kama sarai. Bayan wata huɗu aka ɗaura aure, 'yan sashen ƙashi suka cika gidan, har da Babbar Likita da aka ga tana dariya a karon farko. Da za a tafi da amarya, Baba ya kira su biyu, ya riƙe hannun ango gam.

"Abu ɗaya nake so. Mai daɗi ko marar daɗi, ka faɗa mata kana kallonta. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

Dogo ya amsa da amin, kansa a ɗage. Auta kuwa kuka ya ci ƙarfinta, sai Mama ce ta amsa mata.