Kwamfutar da Ba Ta Yi Cigiya Ba

Da safe mai shagon hoto ya tarar da tagar baya a fashe, an kwance murfin babbar kwamfutarsa, an zare faifan ajiya na biyu. Kyamarori suna nan, ba wanda ya taɓa su. Sufeton 'yan sanda da ya zo bincike ya tambaye shi abin da ke cikin faifan, sai ya hau kai-kawo yana share gumi, ya ce aikin mutane ne kawai.

Maigadi ya rantse bai ji komai ba, shi da ko waya sai an kunna masa. Tsohon abokin kasuwancin mai shagon, da suka rabu baram-baram, yana kwance a asibiti da karaya. Saura ƙanwar mai shagon, mai gyara hotuna, tana zaune tana murza bakin gyalenta.

Sufeto ya danna maɓalli. Kwamfutar ta tashi lafiya lau, abin da ya hana shi sukuni ke nan. Ya kashe, ya sake kunnawa, sannan ya jawo kujera gaban ƙanwar.

Ya bayyana mata cewa in an kunna kwamfuta irin wannan, zuciyar manhajarta ce ke fara farkawa. Takan bi fayafayan da aka ce ta jira ɗaya bayan ɗaya, ta karanta yadda aka jera kayan ciki. In an fizge wuta, sai ta tsaya gyara. In faifai ya ɓace, sai ta cije tana cigiyarsa.

"Wannan ba ta yi ko ɗaya ba. An kashe ta cikin lallami, an kuma gaya mata ta daina jiran faifan. Ɓarawo bai damu ko shago zai buɗe gobe ba, Malama. Ke kin damu."

Ba ta musa ba. Ta ce matan gari kan kawo wayoyinsu a wanke musu hoto, Yaya kuwa ya kwashe har waɗanda ba a ba shi ba, daga baya ya riƙa kiransu yana yi musu barazana. Faifan yana jakarta, ta kasa fasawa, ta kasa kaiwa ofishin 'yan sanda.

"Yaya ne ya riƙe ni tun rasuwar Baba," in ji ta.

Mai shagon ya matso. "Ranka ya daɗe, na janye ƙara. A ba ni kayana, maganar gida ce."

Sufeto ya miƙa wa ƙanwar hannu. Ya karɓi faifan, ya sa a aljihu.

"Taka ka janye," ya ce. "Zauna. Tawa yanzu na buɗe."