Muryar Maijidda a Akwatin Tele

Tun rasuwar Maijidda, abin da ya rage wa Sha'ibu na matarsa bai wuce ɗan baƙin akwatin da ke bayan tele, wato talabijin, ba. Ƙaramar kwamfuta ce, da kaɗan ta fi tafin hannu, amma duk bidiyon marigayiyar na cikinta, har da waƙar da take yi in tana tankaɗe. Bai taɓa kwafe su wani wuri ba.

Wata Laraba da yamma akwatin ya nemi a sabunta manhajar da ke tayar da shi, abin da masu gyara ke kira mizajur. Sha'ibu ya danna. Layin da ke nuna ci gaban aikin ya fara jan jiki a fuskar tele, ga gargaɗi da Faransanci cewa kada a kashe. Sai ladan ya kira magariba. A gidan ba a barin tele kunne da magariba, dokar Maijidda ce, kuma hannun bawan Allah ya riga tunaninsa. Ya zare wayar wuta.

Daga nan akwatin bai sake tashi ba. Zakariya'u mai gyara a Sabon Gari ya canza caja, ya soka tsinke a ramin maɓallin baya, duk a banza.

"Sai dai a wanke shi a zuba sabuwar manhaja ta kile, amma komi zai tahi," in ji shi. "Ko ka kai shi Yamai, wataƙila su ciro maka bidiyon."

Sha'ibu ya karɓi kilen, ɗan abin da ake sokawa a kwamfuta mai ɗauke da manhajar, ya sa ranar tafiya Yamai.

A magariba ta uku duwatsu suka fara sauka kan kwano, ɗaya bayan ɗaya, babu mai jifa. Sha'ibu ya shiga ɗaki. Ya tarar da 'yarsa Tahira zaune gaban tele a kashe, tana rera waƙar tankaɗe da muryar tsohuwa. Daga ranar ta yi kwana huɗu ba ta ci komai ba.

Aka ɗauko Malam Inusa daga Tibiri. Ya yi karatu har gumi ya jiƙa rigarsa, sannan ya ce, "Wace ce ke? Mi kike so?"

"Maƙwabciya ce," in ji muryar daga bakin Tahira. "Bakin rijiyarku nike tun ba a yi ginin ga ba. Maijidda ba ta taɓa watsa ruwan zahi ba sai ta ce min in kauce. Da ta rasu, bayan ƙofa nike tsayawa in saurare ta tare da ku. Kun rufe mata baki. Sauran muryarta na wuyan ɗiyar ga."

"Ki fita, yarinya ba ta yi miki komi ba."

"Sai maigida ya wanke akwatin yanzu. Abin da ya fita nawa ne, in tahi da shi. In ba haka ba, ina nan."

Malam ya dubi Sha'ibu. Sha'ibu ya dubi 'yarsa, leɓunanta duk sun tsage. Ya yi kuka kamar ranar jana'iza, ya soka kilen da hannunsa. Layin ya tafi har ƙarshe. Tahira ta yi atishawa sau uku, ta kife, duwatsun suka tsaya.

Da ta farfaɗo ta sha ruwa, ta ga hasken tele a bango, fuskarta ta washe.

"Baba, ya gyaru! Sa mana Inna."