Lomar Alhaji Tankari

Ranar da Abdulrasheed ya fara ganin Habsatou, zaune take ta tasa tire a gaba tana jiran a kawo mata cokali. A wani ɗan gidan abinci ne na Habashawa, a hawa na uku na wani tsohon bene kusa da tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou, cikin damunar 1999. Tebura biyar ne kacal, amma da yake mai wurin, Baba Kadir, Musulmi ne mai yanka da hannunsa, 'yan kasuwar Kano da Maradi sun mai da wurin gidansu.

Abdulrasheed ɗan Fagge ne. Karatu ya kawo shi ƙasar Sin, da ya gama ya zauna yana yi wa 'yan kasuwa tafinta, yau shekara bakwai. Yana kallo ta ɗaga gefen abin da aka shimfiɗa a tiren tana leƙa ƙarƙashinsa.

"Malama, abincin kenan kike ɗagawa."

Ta ɗago manyan idanunta. "Wannan? Na aza tsumma ne."

"Injera ake ce mata. Yago kaɗan ki dangwali miyar."

Ta yaga, ta kai baki, ta yamutse fuska. "Kai! Masa ce da ta kwana uku!"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ita ma ta sunkuyar da kai tana yi. Kafin mahaifinta, Alhaji Tankari na Maradi, ya dawo daga wanke hannu, Abdulrasheed ya riga ya faɗa tarkon so, faɗawar da ba shi da niyyar tashi. Da ya ji Alhaji na neman tafinta don sarin takalman mata a kasuwar Zhanxi Lu, ko bari bai yi a rufe baki ba ya ce ga shi.

Mako biyu suna zaga kasuwa tare. Alhaji ke ciniki, amma Habsatou ke zaɓe, domin ita ta san abin da matan Maradi ke so. In ta girgiza kai, magana ta ƙare. Har 'yan shago suka koma ce mata lawban, wato shugaba, Abdulrasheed kuwa ya cafe sunan ya riƙe. A gaban Alhaji ba ya iya furta komai, sai ya koma aika mata faks otal ɗinsu, tunda yarinyar da ke karɓar baƙi ba ta jin Hausa.

"Lawban ɗina, yau na fassara maganar mutum goma sha ɗaya, amma da kika dube ni a shagon nan Hausar ma ɓace mini ta yi. Ina son ki. Ki ba ni izini in aika wa Alhaji."

Da safe amsa ta fito daga injin da ɗuminta:

"Tafintana, ka aika. Ni dai na gama zaɓe."

Ranar nan a tsaye ya sha shayi don murna. Ya samu wani dattijo Bakano ya tura, amma dattijon ya dawo jiki a sanyaye. Alhaji cewa ya yi, "Yaron da ya shekara bakwai yana cin abinci da tsinke? Ba ni ba da ɗiyata ga wanda ya baro kunyarshi a hilin jirgi."

Ashe Maidaji ne ya shiga tsakani, ɗan ƙanen Alhaji mai sarin wandunan jins a garin Xintang, wanda ya daɗe yana son Habsatou ita kuwa ba ta yi da shi. Ya rantse ya ga wata mace tana sa wa Abdulrasheed abinci a baki a bainar jama'a. Kuma ba ƙarya ya yi ba. Al'adar Habashawa ce, gursha suke ce mata: wanda suke ƙauna ko girmamawa sai su naɗe loma su sa masa a baki. Abin da Maidaji ya tsallake shi ne, macen Mama Zamzam ce, matar Baba Kadir, mai shekara sittin da jikoki tara.

Faks na gaba gajere ne:

"Wace ce ke ba ka abinci a baki? Jibi za mu tahi."

Hankalin Abdulrasheed ya tashi. In jirgin nan ya ɗaga ba a gyara ba, ya san ya rasa ta. Ya ruga wurin Baba Kadir ya roƙe shi ya gayyaci Alhaji liyafar bankwana da azahar. Alhaji ba ya ƙin gayyar dattijo, ga shi naman gidan na yi masa daɗi, sai ya amsa.

Suna shiga Mama Zamzam ta janye Habsatou teburinta. Ko zama ba ta gama yi ba tsohuwar ta naɗe ƙatuwar loma ta cusa mata. Habsatou ta zaro ido, kumatu cike, ta dubi Abdulrasheed tana nuna tsohuwar da gira. Ya gyaɗa kai. Ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa don dariya. Ya ji kamar an sauke masa buhu daga kai.

Sai dai akwai abin da bai yi tunaninsa ba. Baba Kadir ya kawo tire guda, ya dire tsakaninsa da Alhaji, ya ce bismillah. Tire guda, da mutumin da yake neman 'yarsa! Abdulrasheed ya sunkuyar da kai, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Ƙamshin kaza da man shanu na dukan hancinsa, tun safe bai ci komai ba, amma hannun ya ƙi motsi.

Baba Kadir ya ɓata rai, ya yi magana mai tsawo da gurguwar Sinancinsa.

"Mi ya ce?" in ji Alhaji.

Yau ga tafinta zai fassara abin da zai kashe shi. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Wai a wurinsu, wanda ya zauna a tire ya ƙi ci, gaba yake da abokin cinsa."

"Sai mi?"

"Wai... in babu gaba, in ba ka a baki."

Alhaji ya gyara zama, ya ce, "To, ba ni."

Kowa ya zuba musu ido. Abdulrasheed ya yagi injera, ya naɗe nama. Ya ɗaga har rabin hanya, gumi na bin wuyansa. Sai ya mayar ya ajiye, ya zame daga kujera ya durƙusa.

"Alhaji, ka yi mini rai. Wallahi ba zan iya ba. Ko ruwa ba na iya sha a gabanka."

Ya runtse ido. Shi ke nan, ya ɓata wa mai gida, ya ƙi umarnin Alhaji, Habsatou ta tafi. Yana jin hawaye na neman tona masa asiri.

Alhaji ya dube shi. Can ya miƙa hannu ya ɗauki lomar da aka ajiye, ya ƙara mata nama da ƙwai har ta cika tafinsa.

"Matso nan. Buɗe baki, ɗana."

Ya buɗe. Lomar ta shige da ƙyar, barkono ya haɗu da hawaye. Alhaji ya goge hannu ya ce, "Ashe kunyar na nan. Ka ce ma magabatanka su taho Maradi bayan babbar Salla."

Mama Zamzam ba ta ji Hausar ba, amma ta gane. Ta rangaɗa guɗa irin tasu har 'yan Sin na hawa na biyu suka leƙo. Habsatou kuwa ta ruga ta ɓuya a kicin, daga can ake jin kukanta da dariyarta a haɗe. Shi ango baki cike, ko godiya ya kasa yi, sai ɗaga hannu biyu yake yana gyaɗa kai.

Bayan babbar Salla motoci huɗu suka taso daga Fagge zuwa Maradi. Aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji, aka raba goro da dabino, Maidaji ma ya zo ya yi Allah sanya alheri. Ana cikin gaisawa wani aminin Alhaji ya ja shi gefe.

"Duk samarin garin nan, Alhaji, sai ka tahi bangon duniya ka ɗauko suruki?"

Alhaji ya hango Abdulrasheed cikin farar shadda, yana durƙusa wa dattawa ɗaya bayan ɗaya.

"Can na iske irin yaron da nake nema nan," ya ce. Sai ya ɗaga hannu. "Allah ya ba su zaman lafiya, ya sa ita ce matarshi har aljanna."

Jama'a suka amsa da amin, har da waɗanda ke bayan katanga.