Tsohuwar Kogon Bayan Sheme

Rana ta yi ja, kaji sun fara shiga akurki, Dada tana kwashe tuwo a madafi, sai dutse ya faɗo a kan kwanon gidan mijinta, Alhaji Gide, a Faskari. Ba wanda ya ɗago kai. An ɗauka yaran unguwa ne ke jifan tsuntsu. Na biyu ya dira a tsakar gida, dab da tabarmar da Harisu yake zaune da kwamfuta a cinya. Ya ɗauka, ya ji shi da sanyi, jiƙe sharkaf, alhali rabon garin da ruwan sama an daɗe.

Harisu ne babban ɗan gidan. Ya bar aikin ɗaukar bidiyon biki a Kaduna ya dawo, ya ce zai yi fim na ƙashin kansa, ba kamfani, ba 'yan wasa, daga shi sai kyamara. Yawo ya yi ta yi a duwatsun bayan Sheme, inda kakansa ya zauna kafin ya musulunta, don yana so ya san tushensa. An yi masa kashedin 'yan bindiga, ya bi a hankali ya dawo lafiya. Zancen wani kogo da ke can ne ba wanda ya yi masa. Ya shiga cikinsa, ya kafa kyamara, ya ƙwala kiran sunan kakansa don ya ɗauki amsa-kuwwar dutse.

Bidiyon wurin ne yake nuna wa ƙanwarsa Suwaibatu a wannan yammaci. Ta sa abin sauraro a kunne tana murmushi. Can sai murmushin ya ɗauke.

"Yaya, wa ya amsa maka?"

"Dutse ne."

"A'a. Cewa ta yi sannu da zuwa."

Daga ranar gidan bai sake ganin magariba lafiya ba. Da an kira salla sai jifa ta fara, daga inda ba kowa. A ji ana daka a ɗakin da babu turmi. Suwaibatu ta bar cin abinci, ta koma tafiya a duƙe kamar mai shekara ɗari, ta zauna a gindin katanga tana fuskantar duwatsu. An kai ta asibiti, aka ce ba a ga komai ba. Dada ta rame don kuka. Alhaji ya aika Daudawa aka zo da Malam Bilya, dattijon malami da aka sani da ruƙiyya.

Bayan la'asar ya iso. Ya sa mata suka riƙe ta a kan tabarma, ya zauna nesa kaɗan, ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Inuwa ta cika gidan. Ko akuya ba ta yi kuka ba. Sai yarinyar ta ɗago, ta yi magana da wata murya busasshiya, ta tsohuwa.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke? Me kike nema ga ɗiyar mutane?"

"Kirana aka yi. Kakan yaron nan duk bayan girbi sai ya kai mini baƙin bunsuru. Rana ɗaya ya daina, ko sallama babu. Na zauna ina jira. Da na ji sunansa a ɗakina, na ce gida ya tuna da ni. A ba ni bunsuruna."

"Gidan nan ba a yanka sai don Allah."

"To a bar mini yarinyar. Kaɗaici ya ishe ni."

Malam ya ci gaba da karatu. Jikin Suwaibatu ya sandare, duwatsu suka zubo wa kwano kamar ƙanƙara. Muryar ta yi ƙara, sannan ta sauko.

"Zan tafi. Amma yaron nan ya kwaso ɗakina ya zuba a akwatinsa, zai nuna wa duniya. Gobe wasu su zo su tattake ni da takalma. A mayar mini."

Malam ya juya ya dubi Harisu. Harisu ya ce, "Malam, in cire wurin kogon kawai?"

Muryar ta yi dariya. "Tun daga gindin dutse nake bayanka. Babu inda ka ɗauka ba na ciki."

Damina da rani Harisu ya kwashe a kan fim ɗin, kuma shi ne abu na farko da ya taɓa ji nasa ne. Ya dubi leɓen ƙanwarsa da ya tsattsage, ya dubi Dada. Ya buɗe kwamfutar ya goge komai, ya zare katin kyamara ya jefa a murhu. Warin roba ya tashi.

Malam ya ce, "Kin gani. Fita, kuma kar ki dawo."

Suwaibatu ta yi atishawa mai ƙarfi, ta zube a jikin Dada. Jifa ta tsaya cak.

Da ta farfaɗo ruwa ta fara nema. Ta sha, ta ga yayanta tsugune a gabanta, idonsa jawur.

"Yaya, mafarki na yi," ta ce a hankali. "Wata tsohuwa na gani tana hawan dutse ita kaɗai. Sai waiwayen gidanmu take yi."