Iskar Tirela a Cikin Ƙwallo

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da ba ta iya jira ba. Kullum shayi sai ya ƙona mata harshe, kuma kullum laifin shayin ne.

Ranar wasansu da aji shida, Malama ta ba ta ƙwallo ta kai a sa mata iska. Ita ke nan ƙwallon makarantar. Saura minti arba'in a fara.

Ta ruga shagon kawunta mai faci, ta tarar da shi a ƙarƙashin mota. Ya ce ta ɗan jira. Ta zauna, ta tashi, ta leƙa titi, ta dawo. A lissafinta ta yi awa guda. Minti biyu ta yi.

A jikin ƙwallon an rubuta 8 PSI. Agogon injin iska kuwa layi biyu ne na lambobi, baƙi da ja. Idonta ya faɗa kan jan takwas. Ai takwas takwas ce. Ta soka allura, ta danna.

Tsinken agogon bai kai ko rabi ba, ƙwallon ta fashe. Kawu ya buga goshi da ƙarfen mota.

Ya fito yana shafa wurin. Bai yi faɗa ba. Ya nuna mata baƙin layi shi ne PSI. Jan kuma wani ma'auni ne, sunansa bar. Kowane ɗaya nasa kusan PSI goma sha huɗu da rabi ne. Ya miƙa mata alli ta ninka sau takwas.

"Ɗari da goma sha shida, Kawu."

"Iskar tayar tirela ke nan. Da wa za ku buga wasan?"

Ya zaro robar ciki ya shafa gam, ya ce sai ya sha iska minti goma. Ita ya sa ta riƙe. Ta ƙosa ta tafi, amma ta riƙe.

Da ya liƙa faci ya ɗinke, ta nuna masa baƙin takwas tukuna.

"Rabin bar da ɗan ɗoriya, ko?"

Ya gyaɗa kai, ya sa iskar.

Ta isa fili ana shirin watsewa. Ta gaya wa Malama gaskiya. Malama ta matsa ƙwallon, ta busa usur. Aji biyar suka ci ɗaya.

Tun ranar, in ta ga lamba sai ta duba ma'aunin da ke gefenta. Abin da ba ta sani ba kuma, ta tsaya ta tambaya. Ita da shayi dai har yanzu suna nan yadda suke.